Burodi da soyayyen naman gwangwani irin na ƙarshen wata

A gidanmu da ke Runjin Sambo a Sakkwato, tun kafin Baba ya buɗe baki mukan gane an yi albashi. Da ya jingine babur a zaure muka ji ƙarar leda, to akwai burodi, akwai gwangwanin madara, akwai kuma wani gwangwani mai kusurwa huɗu da ɗan makulli manne a gefensa. Inna takan karɓa ta ɗora a kan kwabet, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wanga na gobe da sahe ne. Kowa yat taɓa shi, ni da shi." Ba mai taɓawa. Amma daren nan ba wanda ke yin barcin kirki.

Da safe, bayan mun dawo daga makarantar allo, sai ta kunna risho ta ɗora baƙin kaskonta. Mu bakwai ne, gwangwani ɗaya ne, kowa yanka ɗaya. Duk da haka ƙamshin yakan tsallaka katanga, har maƙwabciyarmu ta ɗaga murya ta ce, "Inna, mi aka soyawa haka da sanyin sahiya?"

Bayan na yi aure na sayi irin wannan gwangwani da kuɗina, na zuba mai rabin kasko, na ƙure wuta, na yi ta juyawa. Abin da na kwashe ya fi kama da miyar da ta tsinke. Na daɗe ina cewa kamfanoni sun ɓata kayansu, sai ranar da na tsaya a kan Inna tana yi wa jikokinta, na ga ashe hannuna ne. Naman gwangwani in aka ci shi yadda ya fito ba shi da wani armashi, gishiri ne da kitse da laushi. Daɗinsa duk yana cikin ɓawon nan mai ja-ja da kasko ke yi masa, kuma ɓawon ba ya samuwa sai an kiyaye abu uku: naman ya yi sanyi kafin a yanka, kaskon ya zama kusan busasshe, sannan a ƙyale shi ya kwanta ba a taɓa shi ba. Sauran bayanin da zan yi duk hidimar waɗannan ukun ne.

Fara daga kanti

Mu nan komai "naman gwangwani" muke ce masa, amma iri biyu ne, kuma ba a soya su hanya ɗaya. Akwai konbif, naman sa ne da aka jiƙa da gishiri aka dafa aka tsattsage, yana da zare-zare, yana wargajewa da an taɓa shi. Shi ne mai makulli, irin su Exeter da kowa ya sani, kuma mafi yawansa daga Kudancin Amurka ake kawo shi, musamman Brazil. Akwai kuma wanda aka niƙa lukui aka haɗa da sitaci ya daskare kamar alale, na kaza ko na sa, wanda Turawa ke rubuta wa luncheon meat a jiki. Wannan na biyun ya fi daɗin yanka, shi ne kuma na fi so ga mai koyo. A manyan kantunan da ke da firji za ki iya samun na ukun, sosej mai faɗi da aka yanyanka zagaye-zagaye, asalinsa daga garin Bolonya na Italiya. Amurkawa shi suke soyawa su sa a farin burodi, kuma su ma abincin ƙuruciya ne a wurinsu, na gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

Kada kunya ta hana ki juya gwangwani a gaban mai kanti. Wanda ya fi kowane suna a duniya, Spam, wanda kamfanin Hormel na Amurka ya fito da shi a 1937 kuma sojoji suka yaɗa shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, asalinsa naman alade ne. Siffar gwangwaninsa kuwa ta yi kama da na sauran. Don haka ki karanta jerin abin da ke ciki, ba hoton gaba ba. In kin ga pork, ham, bacon ko lard, ajiye. Kayan da suka biyo ta Nijar rubutunsu na Faransanci ne, a can porc za ki nema. Ki duba tambarin halal, da lambar NAFDAC, da ranar da zai lalace.

Sai jikin gwangwanin kansa. Wanda ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko ya lotsa a bakin haɗi, ko da kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Kumburin nan iska ce da ƙwayoyin cuta ke fitarwa a ciki, kuma daga cikinsu akwai mai gubar da ke shanye jiki har ta tsayar da numfashi. Kuma a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ni ba na sayen wanda aka jera a tebur cikin rana a bakin titi, ko da ya fi araha. Gara in shiga cikin rumfa a Babbar Kasuwa in ɗauko na inuwa.

Babban gwangwani giram 340 ne. Yana ba da yanka 8 zuwa 10, wato ya ishi mutum huɗu in ana so a ƙoshi, ya ishi bakwai in irin rabon Inna za a yi.

Burodi da sauran tarkace

Burodinmu yana da zaƙi da laushi, kuma zaƙin nan yana tafiya da gishirin naman fiye da yadda ake zato. Matsalarsa ɗaya, in sabo ne yana lotsewa ƙarƙashin wuƙa. Ki sayi wanda ba a yanka ba tun daren jiya, ya kwana, da safe ki yanka da kanki, kowane yanka kaurin yatsa. Mai yanka-yanka na leda ma yana yi, sai dai ya cika siriri, da ya sha mai sai ya yage. Wanda ke da mai zuwa Illela ya sa a riƙo masa dogon burodin nan na Ƙonni ta Nijar mai ƙarfin ɓawo. Shi ba ya jin tsoron mai ko kaɗan, amma a yini ɗaya yake bushewa, sai a ci shi ranar.

Ban da burodi, ga mutum huɗu ki tanadi albasa babba 1, tumatir 2 masu tauri, tarugu 1, ƙwai 4 in ana so, lemun tsami rabi, bota, Bama, da man gyaɗa cokalin shayi 1. Ba kuskure na yi ba, cokalin shayi ɗaya. Gishiri da magi kuwa ki bar su a inda suke. Naman ya zo da gishirin da ya ishe shi har ya ishi burodin.

Sanyaya kafin ki buɗe

Nan ne yawancinmu muke faɗuwa. Kitsen da ke cikin gwangwani shi ke riƙe naman, kuma a zafin Sakkwato kitsen a narke yake tun yana kanti. In kin buɗe shi haka, wuƙa ba ta yanka sai dai ta dama. Ki sa gwangwanin a firji tun dare, ko aƙalla awa biyu. In an ɗauke wuta, ƙanƙarar leda biyu a kula ta wadatar cikin awa guda. Inna ba ta da firji a lokacin, a gindin randa take kwantar da shi cikin jiƙaƙƙen yashi, wani lokaci ta ƙulle shi a leda ta sake shi cikin randar. Da hunturu kuwa ba sai an yi komai ba, a bar shi a taga ya kwana.

Wajen buɗe mai makulli, ki cire makullin, ki zura ɗan harshen ƙarfen nan a raminsa, ki murɗa a hankali kina bin layi, kina kula nadin ya hau kan juna daidai. In ya karkace zai tsinke a tsakiya. In ya tsinke kada ki sa wuƙa, ki kama guntun da filaya ki ci gaba. Yayana har yau yana da tabo a babban yatsa, na ranar da ya ce shi ya girma zai buɗe wa Inna. Bakin gwangwanin nan ya fi reza.

Za ki lura gwangwanin konbif gefe ɗaya ya fi faɗi. Da gangan aka yi shi haka domin naman ya zamo gaba ɗaya ba tare da ya fashe ba. Ki kife shi a faranti, ki ɗan bubbuga. In ya ƙi, ki huda gindin da ƙusa mai tsabta iska ta shiga, zai sauko. Farin kitsen da ya taru a kusurwa kada ki zubar, ki kankare shi a cokali, shi ne man suyarki.

Yanka

Kaurin da nake so rabin santimita ne, wato kamar rabin kaurin ƙaramin yatsanki. In ya fi haka kauri, waje zai soyu ciki yana nan da laushin nan mai ginsa. In ya fi haka siriri zai bushe ya zama kamar kilishin da ya wuce wuta. Konbif kam a ƙara masa kauri kaɗan, ya kai santimita guda, saboda raunin jikinsa. Ki yanka da wuƙa mai kaifi, ki danna sau ɗaya zuwa ƙasa, ban da goga gaba da baya.

Mai zagaye na firji yana da nasa hali. Da ya ji zafi sai gefensa ya tsuke, tsakiya ta tashi, ya koma kamar ƙoƙo, ƙasan kawai ke taɓa kasko. Maganinsa ki tsaga gefen sau uku ko huɗu, kowace tsaga kamar tsawon farce, daga baki zuwa wajen tsakiya. Zai kwanta lafiyar Allah.

Kafin ki kunna wuta, ki yanka albasar siriri-siriri ki raba biyu. Rabi ki matse masa lemun tsami ki ajiye gefe, tsamin zai kashe yajinta ya mai da ita ruwan hoda. Turawa mastad, wani haɗi mai ɗan yaji da ake shafawa, da jiƙaƙƙiyar kokwamba suke sa wa nasu don su karya maiƙo, wannan albasar ita ke yi mana wannan aiki. Sauran rabin na suya ne. Tumatir ki yanka zagaye ki cire 'ya'yan da ruwan, tarugu kuma ki yanka ƙanana, ban da jajjage, don jajjage na kawo ruwa.

Suyar

Kasko mai nauyi ya fi, irin baƙin nan na ƙarfe da masu shayi ke soya ƙwai a ciki. Mara nauyi yana ƙona tsakiya ya bar gefe. Ki ɗora shi a matsakaiciyar wuta, babu komai a ciki, kamar minti biyu. Ki yarfa ɗigon ruwa: in ya yi cuu ya ɓace nan take, ya yi. Mai girki da gawayi ta jira sai harshen wuta ya mutu garwashi ya yi fari, ta baza shi, don kurfoti in ya ɗauka ba ya jin rarrashi.

Ki sa kitsen nan da kika kankare, ko cokalin man gyaɗan, ki juya kaskon ya shafe. Sannan ki jera naman, huɗu-huɗu, da tazara tsakaninsu. In kin cika kaskon, ruwan da ke fita daga naman ba zai sami hanyar tashi ba, sai ya zama turarawa kike yi.

Yanzu ki ajiye cokali. Wannan ne wurin da ya fi wuya, domin hannun mai girki ba ya son zama. Minti biyu zuwa uku kada ki taɓa, kada ki danna, kada ki ɗaga ki leƙa. Ki saurara kawai. Da farko za ki ji ƙara mai yawa, ruwa ne ke fita. Sannan ƙarar ta lafa ta koma tsit-tsit a hankali, gefen yankan ya fara duhu, ƙamshin ya sauya daga na gwangwani ya koma na tsire. Abin da ke faruwa shi ne, sai fuskar naman ta bushe zafinta ya haura wajen digiri 140, sannan sinadaran nama da ɗan sukarin da ke ciki suke haɗuwa su ba da launi da ƙamshi. Wani masanin Faransa, Maillard, ya bayyana wannan a 1912, amma duk mai gasa balangu a Sakkwato ya san shi da hanci. Muddin akwai ruwa a fuskar, zafin ba ya wuce 100, shi ya sa juye-juye ke hana ɓawo.

Alamar ya yi ita ce ya saki kasko da kansa. Ki zura cokali mai faɗi, in ya zame ki juya, in ya riƙe ki ƙara masa rabin minti. Ɗaya gefen bai kai na farko daɗewa ba, minti biyu ya isa. Launin da ake nema ja mai duhu ne kamar na soyayyen ƙosai da ya ji wuta daidai, da ɗan baƙi-baƙi a bakin gefe. Ki kwashe a faranti, kada ki rufe, tururi zai mai da shi yadda ya fito.

Konbif in ya wargaje miki kada ki damu, kuma sau da yawa zai wargaje. Ki tara shi wuri ɗaya, ki danne da bayan cokali ya yi faɗi kamar waina, ki bar shi ya yi ɓawo, ki juya shi gutsure-gutsure. Wasu kan haɗa shi da ƙwai ɗaya da garin busasshen burodi cokali biyu su mulmula kafin suya. Yana riƙewa sosai, amma a bakina ya zama wani abinci daban.

Kada ki wanke kaskon. Man da ya rage da ɗan ƙanzon da ya manne su ne rabin daɗin. Ki zuba albasar suya da tarugu a ciki, ki juya minti biyu, ta yi laushi ta kwashe ƙanzon, ki kwashe ta. In da ƙwai, yanzu ne lokacinsa. Ki fasa ɗaya-ɗaya, ki huda gwaiduwar, ki soya shi falle ki ninke daidai faɗin burodin. Inna ba ta sa ƙwai, ƙwai a lokacin na Baba ne.

Haɗawa

Ki shafa bota siriri a fuska ɗaya ta kowane yankan burodi, ki kwantar da fuskar a kaskon, wuta ƙasa-ƙasa. Ki tsaya a kai, domin sukarin burodinmu yana sa shi ƙonewa cikin ƙiftawar ido, ko minti ɗaya ba ya kaiwa. Fuskar da ta gasu ita ce za ta kalli ciki, don ita ke tare maiƙo kada burodin ya jiƙe.

Tsarin jerawa yana da dalili. Bama kaɗan a kan gasasshiyar fuskar, sai nama yanka biyu, sai soyayyiyar albasa, sai ƙwai, sai tumatir, sai albasa mai lemun tsami, sai murfin burodi. Tumatir bai kamata ya taɓa burodi kai tsaye ba. Mai son yajin ƙuli ya barbaɗa kaɗan a kan ƙwai, amma ya tuna yajin masu tsire akwai gishiri da magi a ciki. Ni nakan bar shi in tarugun ya yi ƙarfi.

Sai ki mayar da shi kaskon, ki ɗora murfin tukunya ko faranti a kai ki danna a hankali, rabin minti kowane gefe, kamar yadda mai shayi ke danne burodi da ƙwai. Ki sauke, ki ba shi minti ɗaya, ki yanka shi daga kusurwa zuwa kusurwa. A ci da zafi. In ya huce kitsen sa yana daskarewa a dasashi, kuma ba abin da ke wanke shi irin shayi mai zafi, ko Lipton da madara ko baƙi mai citta da kanumfari.

In na 'yan makaranta ne da za su tafi da shi, ki cire tumatir da Bama, ki naɗe a takarda maimakon leda, kuma su ci a tara ta farko. Abin da ya rage na naman kada ya kwana a gwangwaninsa, ki juye a roba mai murfi, a firji yana kai kwana 3 zuwa 4. In babu tabbacin wuta, a soye duka a cinye. A zafin da ya wuce digiri 32, nama buɗaɗɗe bai kamata ya wuce awa ɗaya a waje ba.

Akwai dalilin da ya sa ban so a mai da shi karin kumallon kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a rana kada ya kai giram 5, kuma yanka biyu na wannan nama sun ci kaso mai tsoka daga ciki. A 2015 kuma sashenta mai binciken ciwon daji ya sa naman da aka sarrafa cikin abubuwan da ke jawo cutar, ya ce cin giram 50 kullum yana ƙara haɗarin dajin hanji da kimanin kashi 18 cikin 100. Baba yanzu yana fama da hawan jini, rabin yanka nake ba shi, yana ci yana mita.

In ba ki yarda da gwangwani ba

Abin dariya ne a ce garin da shanu ke cika kara mu ne masu jiran naman da ya tsallako teku. Ana iya yin nasa a gida. Ki sami niƙaƙƙen naman sa rabin kilo mai ɗan kitse, ki sa gishiri cokalin shayi 1 da rabi, tafarnuwa, masoro, garin kwanfulawa cokali 3, da ruwan ƙanƙara rabin kofi. Ki niƙa a bilenda ko ki kirɓa a turmi har ya yi danƙo yana kama hannu, kuma kada ki bari ya ɗumama. Ki shafa mai a gwangwanayen alale, ki cusa ki danne kada a bar iska, ki rufe, ki turara minti 45 zuwa awa ɗaya har tsakiyarsa ta nuna sarai. Ya huce, ya kwana a firji, sannan ki yanka ki soya kamar yadda na faɗa. Launinsa toka-toka zai fito, ba ruwan hoda ba, domin ruwan hodan na kamfani daga wani gishiri ne mai suna naitirait da suke sawa. Ya fi na kanti ɗanɗanon nama nesa ba kusa ba.

Na kai wa Inna irinsa ranar wata Juma'a. Ta gutsura, ta tauna, ta jinjina kai ta ce ya yi daɗi ƙwarai. Can kuma ta dubi farantin ta ce, "To, ina makullin?"